Alluran rigakafi na mutuwa a firijinmu, maƙwabta kuma babu ko kwalba ɗaya

Shef Bakin Binuwai:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni ne shef, wato shugaban wata cibiyar lafiya a nan arewacin Kamaru. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya. Ranar Litinin na buɗe firiji ina lissafin ƙarshen wata, sai na tarar da kwalaben allurar ƙyanda da wa'adinsu zai ƙare nan da mako biyar. A yadda yara ke zuwa mana, ko rabinsu ba za mu taɓa ba. Jiya da yamma wata abokiyar aiki da ke cibiyar ƙetaren mayo, wato kogi, ta kira ni kan wata sabga daban, a cikin hira take ce mini ta kwana biyu tana mayar da iyaye gida, ba ta da ƙyanda ko kwalba ɗaya. Tsakanina da ita babur ba ya cin rabin awa. Gundumarmu ɗaya, sito ɗaya muke ɗaukar kaya. Ni zan zubar, ita tana ba uwaye haƙuri. Don Allah masu ilimin abin, ina gizo ke saƙar?

Hajiya Ungozoma:
Wa alaikumus salam ɗana. Ai wannan ba yau aka fara ba. Tun muna aiki da firijin kananzir haka abin yake.

Baban Walid Klando:
Shef, ni ba likita ba ne, amma in dai ɗauka ne a kai, ga babur. Me zai hana ka zuba a akwatin sanyi in miƙa mata gobe da sassafe?

Mai Sito na Gunduma:
Baban Walid, Allah ya saka da alheri, amma a bi a hankali. Bari in yi bayani, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Asarar allura iri biyu ce, kuma mutane na cakuɗa su. Akwai ta kwalbar da aka buɗe, aka yi wa yara, sauran ya rage aka zubar. Akwai kuma ta kwalbar da ba a ma taɓa buɗewa ba: wa'adi ya ƙare, ko zafi ya cinye ta, ko ta daskare, ko ta fashe a hanya. Ta farkon an san da ita, an ma sa ta cikin lissafi tun daga Yawunde. Ta biyun ita ce abin kunya, domin ba yaron da ya amfana, kuma kusan kullum daga tsarin ɗauka da ajiya take fitowa. Abin da Shef ya kawo irin ta biyu ce.

Me ya sa wata cibiya ke cika wata ke bushewa? Domin ana raba kaya ne bisa adadin yaran da takarda ta ce kuna da su. Alƙaluman da muka daɗe muna aiki da su kuwa daga ƙidayar 2005 aka faro su, ana ƙara musu kashi kaza duk shekara. Tun daga lokacin mutane nawa suka tashi daga Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava saboda rikicin Boko Haram? Nawa suka gangaro kudancin Garwa neman ƙasar noma, wajen Ngong da Lagdo da Tuboro? Takarda ba ta bi su ba. Ƙauyen da ya ninka yana karɓar kason da, wanda ya ragu shi ma yana karɓar kason da.

Maganar miƙawa tsakanin cibiyoyi kuwa, ba haramun ba ce. Amma ba a yin ta da baki. Sai an rubuta sunan allurar, lambar rukuninta, ranar ƙarewar wa'adi, adadin kwalabe, da halin da tambarin zafi ke ciki (wato alamar jikin kwalba mai canza launi in zafi ya taɓa allura), mai bayarwa ya sa hannu, mai karɓa ya sa hannu, kwafi ɗaya ya zo gunduma. Dalili shi ne in wani yaro ya sami matsala bayan allura, ko aka ce a janye wani rukuni, dole mu san inda kowace kwalba ta kwana.

Shef Bakin Binuwai:
Yallaɓai, na ji, kuma ban ƙi ba. Amma ka san abin da ke faruwa. In na rubuta cewa ina da rarar kaya, wata mai zuwa za a rage mini kaso, a kuma tambaye ni me ya sa ban kai adadin yarana ba. Shi ya sa kowa ke yin shiru da abin da ke firijinsa har ya mutu, sannan a rubuta shi cikin asarar buɗaɗɗiyar kwalba. Mu faɗa wa juna gaskiya.

Mai Sito na Gunduma:
Wannan kam ka faɗa, kuma ba zan musa ba.

Maman Hanifa:
Sannunku da aiki. Ni uwa ce kawai, an sa ni a zauren nan saboda ina kwamitin lafiya na unguwarmu. Ku kuna maganar kwalba, ni ina maganar ƙafa. Da na haifi 'yar autata, na yi ta zarya don allurar nan ta hannu da ake yi wa jarirai. Yau a ce yara ba su kai a buɗe ba, ki dawo Alhamis. Alhamis a ce an riga an buɗe da safe, lokaci ya wuce. Ni a cikin gari nake, na iya jurewa. Matar da ta biya kuɗin babur daga ruga, da jego a jikinta, aka ce mata ta koma, kuna ganin za ta dawo? Wallahi ba za ta dawo ba. Mijinta ma ba zai sake ba ta kuɗin ba.

Hajiya Ungozoma:
'Yata, kin taɓa inda ke mini ƙaiƙayi. Allurar da kike nufi BCG ce, ta tarin fuka. Kwalba ɗaya ta yara 20 ce, gari ce, sai an haɗa ta da ruwanta. Da zarar an haɗa, awa 6 ne iyakarta, ko ƙarshen zaman ranar, duk wanda ya riga zuwa. Ta ƙyanda ma haka, ta ciwon shawara ma haka, su kwalbar yara 10 ce galibi. Babu wani magani a cikinsu da zai hana ƙwayar cuta girma, shi ya sa in ka kwana da ita ka yi wa yaro washegari, kashe shi kake neman yi.

To ma'aikaci sai ya ga jarirai uku a kan benci, ya ce in na buɗe na zubar da 17, gobe a tuhume ni. Sai ya sallame su. Ni kuwa ra'ayina a fili yake, kuma shi ne abin da aka koya mana: ko yaro ɗaya ne a buɗe. An riga an ƙiyasta rabin BCG zai tafi a banza, an sayo da wannan lissafin. 

Shef Bakin Binuwai:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, a kan takarda haka ne. Amma in an ba ni kwalba huɗu a wata, na buɗe wa kowane jariri ɗaya, kafin tsakiyar wata na ƙare. Sauran kwanakin fa? Sallamar da nake gudu ita zan yi, har ma ta fi yawa.

Hajiya Ungozoma:
Shi ya sa na ce maganarka ta farko da ta Maman Hanifa abu ɗaya ne. Kana jin tsoron buɗewa ne don ka san in ta ƙare babu inda za ka samo sai wata ya zagayo. Da ka san in ka buga waya maƙwabcinka zai aiko maka da kwalba biyu gobe, da hannunka bai yi rawa ba. Kuma a tsayar da rana, a sanar a masallaci da coci da gidan jauro, a riƙe ta. Ba a ce Alhamis ba, mata su zo su tarar mai makullin firiji ya tafi taro.

Ɗan Mokolo:
Mu a nan mun daidaita ranar buɗe BCG da ƙyanda da ranar kasuwa, Laraba. Matan duwatsu dama za su sauko, sai su haɗa tafiya biyu. Benci na cika, abin da ake zubarwa kaɗan ne. Na Pitowa su gwada Lahadi, ranar kasuwarsu, mana.

Shef Bakin Binuwai:
Lahadi wa zai biya ma'aikaci? 😂

Injiniya Sola:
Barkanku. Ni aikina gyaran firiji ne, kuma ina so in juya maganar kaɗan. Kowa a nan zafi yake tsoro, da gaskiyarsa, don a watan Maris da Afrilu Garwa da Marwa na wuce digiri 40. Amma abin da na fi gani yana kashe allura a ɓoye shi ne sanyi. Ana son ta tsakanin digiri 2 da 8. Penta, wato allurar cututtuka biyar, da ta ciwon huhu, da ta shan inna ta allura, da ta sarƙewar haƙora da ake yi wa masu ciki, in suka daskare sau ɗaya sun gama aiki. Kuma tambarin nan da ke jikin kwalba zafi kawai yake nunawa. Ɗan murabba'in ciki zai zauna fari tas, ka ɗauka lafiya lau, alhali ruwan banza kake ɗura wa yaro.

Ga yadda abin ke faruwa, na gani da idona. Mutum zai je ɗaukar kaya, yana tsoron rana, sai ya ciro robobin ƙanƙara daga daskararre kai tsaye, masu farin hazo a jiki, ya jera a akwati, ya dasa kwalaben Penta a jikinsu. Kafin ya isa sun sha. Abin da ya kamata shi ne a shimfiɗa robobin a kan tebur, a bar su su yi gumi, sai ka girgiza ka ji ƙanƙarar na motsi cikin ruwa, ka goge, sannan ka saka. A zafinmu ba ya ɗaukar lokaci. Saboda haka Baban Walid, in za a fara zirga-zirga tsakanin cibiyoyi, kowace tafiya dama ce ta lalata kaya in ba a iya shirya akwati ba.

Baban Walid Klando:
Injiniya, useko, na ƙaru. Ni dai abin da na sani, ina ɗaure akwatin a baya, ba ta ɓangaren salansa ba, in rufa masa jiƙaƙƙen buhu, kuma ba na tsayawa ɗaukar fasinja. Wata rana a shingen hanya wani ya ce sai na buɗe ya ga abin da ke ciki. Na ce ranka ya daɗe, allurar yara ce, iska ba ta shiga. Da ba ni da takardar cibiya mai hatimi, da an buɗe ta a tsakar rana. Don haka takardar da Mai Sito ke faɗa, ni ma tana cetona.

Mai Sito na Gunduma:
A ƙara da wannan: duk wanda zai aika ƙyanda ko BCG ya haɗa da ruwan haɗinta, na kamfani ɗaya, adadi ɗaya. Ba a haɗa garin wannan da ruwan wancan. Ya kuma tambaya ko suna da sirinji. Na BCG daban ne, ɗan ƙarami mai awon mililita 0.05. Na sha ganin allura ta mutu a firiji ba don komai ba sai don sirinjinta bai zo ba.

Abba Marwa:
Ni fa duk wannan wahalar ban gane ba. Ruwanda tun 2016 suke aika jini da jirgi marar matuƙi, Gana ta bi a 2019 har da alluran rigakafi, ga Kaduna nan kusa da mu su ma sun fara. Mu muna nan muna jiƙa buhu. Sai yaushe?

Injiniya Sola:
Ƙanena, jirgin zai tashi ne in wani ya faɗa masa inda zai je. Matsalar Shef ba rashin abin hawa ba ce, babur na ƙofar gidansa. Bai san maƙwabciyarsa ta ƙare ba, ita ba ta san yana da rara ba. Sannan a yankin da ake fama da tsaro, wa zai ba ka izinin tashin jirgi a sararin Mora ko Kolofata? Ka bar wannan tukuna.

Abin da ya fi damuna, firijin sola da aka raba da tallafin Gavi, ƙungiyar duniya mai tallafa wa rigakafi, masu aiki ba batir, kaya ne masu kyau. Amma lokacin hunturu ƙura na rufe faranti, ba mai hawa ya share. Wasu kuma sun mayar da shi wurin sanyaya ruwa da folere, wato zoɓo, ana buɗewa ana rufewa yini guda. Ɗan na'urar da ke ciki tana riƙe zafin kwana 30, ba ta ƙarya. Ina zuwa in ga takardar bango an rubuta digiri 5 da safe, digiri 5 da yamma, wata guda cur da biro ɗaya da hannu ɗaya, na'ura kuma tana nuna ƙararrawa. Na bar wa Allah.

Hajiya Ungozoma:
Folere kam na gani 🙈

Ummi Njamena:
Gaisuwa daga ƙetaren gadar Ngeli. Ina karanta ku, kamar a wurinmu kuke. Mu a Cadi, a Oktoban 2024 aka shigo mana da allura uku lokaci guda, ta zazzaɓin cizon sauro, ta ciwon huhu da ta gudawa. Alheri ne babba, amma firijin bai ƙara girma ba. Ƙaramar cibiya in ta karɓi kayan wata guda sai ta cusa har jikin bango, inda sanyi ya fi tsanani. Da a ce babbar cibiyar da ke tsakiya ce ke riƙe kaya, ƙananan na kewaye suna ɗiba kaɗan-kaɗan duk mako, da an huta.

Wani abu kuma da Cadi ta gwada tun farkon shekarun 2000 a Shari-Bagirmi da Kanem: an haɗa masu allurar dabbobi da masu allurar yara a mota ɗaya, sanyi ɗaya, suka bi makiyaya har mashekarinsu. Makiyayi ba zai bar garke ya zo cibiya ba, amma in an zo don shanu, zai fito da yara da mata. A nan ne kwalbar yara 10 ke ƙarewa tas a zama ɗaya. Ku da ke da Mbororo a Faro da Mayo-Rey, ban san me ya sa ba ku matsa a kan wannan ba.

Ɗan Mokolo:
Yaya Ummi, ma'aikatu biyu ne, kowa da kasafinsa. Wa zai sayi man, nan ake watsewa.

Ɗan Kusiri:
Ku masu hanya kuna jin daɗi. Mu a Logon-da-Shari daga Agusta zuwa Nuwamba wasu cibiyoyin sai da kwalekwale. Kun ga abin da ambaliyar 2024 ta yi a Mayo-Danay, har gadar Yagwa ta tafi. A irin wannan wurin shawarar "kaɗan-kaɗan duk mako" ba za ta yi ba. Dole a kai musu kayan wata biyu ko uku kafin ruwa ya rufe hanya. To a nan ne nake roƙon masu sito: kada a ba cibiyar da ruwa zai yanke kayan da wa'adinsu ya kusa. A ba su masu dogon wa'adi, masu gajeren a bar su a cikin gari inda za su ƙare da wuri. Dokar "wanda zai riga mutuwa shi ke fara fita" daidai ce, amma a duba wa ake ba.

Mai Sito na Gunduma:
Wannan magana ce ta wanda ya san aiki. Sai dai wani lokacin mu ma haka suke iso mana daga sama, saura wata uku ko huɗu. Daga Yawunde zuwa sito na jiha, daga can zuwa gare mu, kowane zango yana cin kwanaki.

Maman Hanifa:
Tambaya. Kenan duk kwalbar da aka buɗe zubarwa ake yi da yamma? Na taɓa ganin an ciro wadda aka riga aka fasa daga firiji aka yi wa ɗan maƙwabciyata, hankalina bai kwanta ba.

Hajiya Ungozoma:
A'a 'yata, kwantar da hankalinki. Masu zuwa a ruwa, irin Penta da ta ɗigon baki da ta masu ciki, ana iya ajiye su har kwana 28 bayan buɗewa, in wa'adi bai wuce ba, tambarin zafi na da kyau, an ajiye cikin sanyi, bakin kwalbar bai nutse a ruwa ba. Amma a rubuta ranar buɗewa a jiki. In kin ga kwalba a fashe ba kwanan wata, kina da ikon tambaya. Wasu sababbin ma'aikata kuma ba su san wannan ba, suna zubar da Penta mai kyau da yamma don tsoro. Ita ma asara ce da ba a faɗa. Ta zazzaɓin cizon sauro da aka fara a Kamaru a Janairun 2024 kuwa haɗawa ake yi, tana cikin 'yan awa 6, amma ita kwalbar yara biyu ce, ba ta da ciwon kai sosai.

Shef Bakin Binuwai:
To ga abin da nake gani za mu iya ba sai mun jira kowa ba. Duk Juma'a kafin masallaci, kowane shef ya ɗauki hoton katin kayansa ya tura wa gunduma: me ya rage, wane ne wa'adinsa bai kai wata biyu ba, me ya ƙare. Mai Sito ya duba ya ce wane ya ba wane. Amma da sharaɗi, yallaɓai: wanda ya bayyana rara kada a mayar da shi mai laifi a taron wata.

Mai Sito na Gunduma:
Ni a nawa ɓangaren na yarda, zan kuma kai wa likitan gunduma. Abin da ba zan iya alkawari ba shi ne mai. Ba ni da layin kuɗi na jigila tsakanin cibiya da cibiya.

Ɗan Mokolo:
Mai karɓa ya biya mana, shi ke da buƙata.

Shef Bakin Binuwai:
Mai karɓar galibi ita ce ƙaramar cibiyar da ba ta da ko sisi a asusu. Allura kyauta ce, ba ta shigo musu da komai.

Maman Hanifa:
Mu a kwamitin lafiya za mu iya tattauna a ware wani abu daga kuɗin kantin magani. Amma sai an nuna mana takarda duk tafiya, don kada a wayi gari babur na kai buhun masara gidan wani da sunan allura.

Abba Marwa:
Ko a bi motar da ke zagayen duba cibiyoyi, tunda dama tana wucewa.

Injiniya Sola:
In ta fito. Ni ma ina zagaye wajen gyara, in an shirya akwati da takarda zan iya saukewa a hanyata, amma ba ni da tsayayyar rana, kada a dogara da ni.

Baban Walid Klando:
Ni dai in za a sa ni, a sani tun yanzu: kuɗin rani daban, na damina daban. Zuwa-zuwa, wato man fetur na bumburutu da ke shigowa daga Najeriya, ma ba ta da araha kamar da, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023. In mayo ya kawo ruwa sai na zagaya ta kwalta, tafiyar ta ninka. Kuma a riƙa biya a ranar, ba a ce in jira ƙarshen wata ba.

Mai Sito na Gunduma:
Ka rubuto farashin biyun ka ba Shef, ya zo da shi taron wata. Maman Hanifa, ke ma ki zo da shugaban kwamitinku, ƙarfe tara za a fara.